Darasi na Tara: Hutu da Barcin Masu Kula da Jiragen Sama a Aikin Dare

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana aikin jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama, da abin da ya sa dare ya fi masa wuya;
2. faɗin yadda barci ke rinjayar mutum ko da bai so ba;
3. kwatanta yadda ƙasashe suka bambanta a kan barcin jami'i lokacin aikin dare;
4. kawo sharuɗɗan da hutun dare ke bukata kafin ya zama kariya.

Wane ne wannan jami'i?

Jirgin fasinja ba ya tashi ko sauka da ra'ayin matuƙinsa shi kaɗai. Tun daga kunna inji har tsayawa, akwai wani a ƙasa da ke magana da matuƙin ta rediyo: ya ba shi izinin tashi, ya faɗa masa tsayin da zai hau, ya raba shi da sauran jirage. Wasu daga cikin waɗannan jami'ai suna zama a hasumiyar filin jirgi, suna kallon titin tashi da sauka ta gilashi. Wasu kuma suna cikin ɗaki mai ƙarancin haske, gaban allon rada, suna lura da jiragen da suka riga suka lula sama. Babban aikinsu shi ne tazara. A ƙa'idar da aka fi bi, jirgi da jirgi za a bar ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa, ko kuma mil 5 na teku idan suna tsayi ɗaya a cikin tafiya.

A Nijeriya hukumar NAMA ce ke da wannan aiki, tana da manyan cibiyoyi a Kano da Legas, ana kuma horar da jami'an a kwalejin koyon aikin jiragen sama da ke Zariya. A Nijar aikin yana hannun hukumar ASECNA, wadda ke da makarantar horarwa a Yamai. Jirage da yawa masu zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka cikin dare suke ratsa samaniyar wannan yanki. Wato a lokacin da gari ya yi tsit, akwai wanda dole idonsa ya kasance biyu, hankalinsa kuma a tattare.

Abin da dare ke yi wa jiki

Jikin ɗan Adam yana da nasa agogo. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shirya jiki ya kwanta. Zafin jiki yana raguwa, tunani yana yin nauyi. Masana harkar jiragen sama sun ware tsakanin ƙarfe 2 na dare zuwa 6 na safe a matsayin lokacin da kuzarin mutum ya fi yin ƙasa. Wanda ya shekara ashirin yana aikin dare ma bai tsira daga wannan ba, domin hasken rana kullum yana mayar da agogon jikin inda yake.

Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a kwana ɗaya. Mai aikin dare da rana yake ramawa, barcin rana kuwa gajere ne, ga haske, ga hayaniya, ga zafi. Abin da ya rasa yau yana taruwa da na gobe, Hausawa kuma sun ce ba a cin bashin barci. Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka buga a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa yana raguwa kamar na wanda ya sha barasa gwargwadon da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da shi.

Abin da ya fi haɗari shi ne gyangyaɗin da mai shi bai san ya yi ba. Ido yana iya kasancewa a buɗe, amma ƙwaƙwalwa ta ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi. Jirgin fasinja a sama yana cin kusan kilomita 14 a minti ɗaya. Jirage biyu masu fuskantar juna suna rage tazarar da ke tsakaninsu da kusan kilomita 28 a kowane minti. Ku auna abin da rabin minti na ɗaukewar hankali zai iya jawowa.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ƙarancin aiki ya fi yawansa jawo barci. Jami'in da jirage goma ke kira ba ya samun sararin gyangyaɗi. Wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki mai sanyi da duhu, jirgi ɗaya a awa, shi ne barci ke sacewa.

Daren Washinton

Ranar 23 ga Maris 2011, jim kaɗan bayan sha biyun dare, wani jirgin kamfanin American Airlines ya nufo filin jirgin Ronald Reagan da ke Washinton, babban birnin Amurka. Matuƙin ya kira hasumiya, shiru. Ya sake kira, shiru. Ya fasa sauka ya sake hawa sama. Jami'an wata cibiyar rada da ke jihar Bajiniya suka yi ta buga waya hasumiyar, ba wanda ya ɗauka. Daga ƙarshe matuƙin ya sauka kamar yadda ake sauka a ƙaramin filin da ba shi da hasumiya, yana sanar da inda yake ta rediyo don duk wanda ke kusa ya ji. Ba a jima ba wani jirgin United daga Shikago ya iso, shi ma haka ya sauka.

Mutum ɗaya ne a hasumiyar, ƙwararre mai kusan shekara 20 a aikin. Ya shaida wa masu bincike cewa barci ne ya kwashe shi. Wannan shi ne darensa na huɗu a jere, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.

Bayan mako uku aka sake samun irin haka a Reno, jihar Nebada, inda wani jirgi ɗauke da maras lafiya ya sauka bayan an yi kusan minti 16 ana neman jami'in hasumiya ba a same shi ba. Washegari shugaban sashen zirga-zirgar jirage na hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, Hank Krakowski, ya ajiye aiki. Hukumar ta ƙara jami'i na biyu a aikin dare a hasumiyoyi 27, ta kuma ƙara hutun da ke tsakanin aiki da aiki daga awa 8 zuwa 9. Sai dai da aka zo maganar barin jami'ai su ɗan kwanta lokacin hutunsu, ministan sufuri na lokacin, Ray LaHood, ya fito ƙarara ya ce muddin yana riƙe da ma'aikatar, ba za a biya jami'i albashi don ya yi barci ba. Abin da aka yarda da shi a yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar jami'an a watan Yulin shekarar shi ne su saurari rediyo ko su yi karatu idan aiki ya lafa, kuma wanda gajiya ta yi wa yawa ya nemi a ba shi hutu.

Jadawalin da ke cinye barci

Don a fahimci yadda ƙwararre ke kai wa ga haka, sai a duba jadawalin da aka daɗe ana bi a Amurka, wanda ake kira biyu-biyu-ɗaya. Ga misalinsa. Litinin da Talata jami'i zai yi aikin yamma, ya tashi wajen goma ko sha ɗayan dare. Laraba da Alhamis zai yi aikin safe, ya fito tun shida ko bakwai. Ranar Alhamis ɗin ya tashi ƙarfe biyun rana, sannan ya dawo ƙarfe goma na daren nan ya kwana yana aiki. Awa takwas ce tsakani, a cikinta zai tuƙa mota zuwa gida, ya ci abinci, ya ga iyali, ya kwanta da la'asar lokacin da jiki ba ya son barci, ya sake tuƙowa. A lokacin jami'ai da yawa suna son jadawalin domin yana ba su dogon hutun ƙarshen mako. Jikinsu ne ke biyan kuɗin.

An ga haka a Lezinton, jihar Kentaki, ranar 27 ga Agusta 2006. Da asuba wani jirgin Comair ya hau gajeren titi maimakon dogon da aka ba shi izini, bai iya tashi ba, mutum 49 daga cikin 50 suka rasu. Hukumar bincike ta ɗora babban laifin a kan matuƙan. Amma binciken ya kuma gano cewa jami'i ɗaya ne a hasumiyar alhali ƙa'ida ta ce biyu, kuma ya yi aikin safe, ya dawo na dare, barcin da ya samu a tsakani bai wuce awa biyu ba.

Sai a 2024, bayan rahoton wasu masana barci su uku, FAA ta amince da ƙungiyar jami'an cewa za a ba da aƙalla awa 10 tsakanin aiki da aiki, da awa 12 kafin aikin tsakar dare da bayansa. Wannan ya rufe ƙofar yin aikin safe da na dare a rana ɗaya.

Masu shirya wa barci wuri

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Sun ce tun da barci zai zo ko an so ko an ƙi, gara a shirya masa lokaci da ɗaki, a kuma ajiye wani a kujera, da a bari ya zo wa jami'i a gaban allo. Jamus da Japan suna cikin ƙasashen da ke tanadar wa jami'an dare ɗakin kwana lokacin hutu.

Birtaniya ta daɗe da rubutacciyar ƙa'ida a kan wannan. A cikinta, aiki ɗaya ba ya wuce awa 10. Tsakanin aiki da aiki a bar awa 12. Jami'i ba ya wuce awa 2 a kan kujera ba tare da hutun rabin awa ba. Ba a yin aikin dare fiye da biyu a jere, kuma bayan dare biyun sai an huta awa 54 kafin a dawo. Ku kwatanta wannan da dare huɗu a jere na jami'in Washinton.

Akwai hujjar ilimi a bayan wannan ra'ayi. A farkon shekarun 1990 hukumar NASA ta gwada matuƙan jiragen doguwar tafiya a kan tekun Fasifik. Aka ba wasu damar kwanciya ta minti 40 a kujerarsu yayin da abokan aikinsu ke riƙe da jirgi, wasu kuma ba a ba su ba. Waɗanda suka kwanta sun samu barcin kusan minti 26 a matsakaici, kuma a lokacin sauka sun fi ɗaya rukunin kuzari da saurin amsawa, ɗaukewar hankali kuma ta ragu sosai.

Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montiriyal ta Kanada, ta wajabta wa ƙasashe tun daga Nuwamban 2020 su kafa dokar taƙaita awannin aikin jami'ai da tsawon hutunsu, bisa abin da ilimin barci ya tabbatar. Nijeriya da Nijar duka mambobinta ne.

Inda hutu ya zama masifa

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa ba da izinin kwanciya shi kaɗai ya warware matsala. Daren 1 ga Yuli 2002 ya nuna akasin haka.

A cibiyar Zurik ta ƙasar Siwizalan, jami'ai biyu ne ke aikin dare. Da jirage suka ragu, ɗaya ya tafi ɗakin hutu, kamar yadda aka saba shekara da shekaru, shugabanni kuma sun sani sun kau da kai. Wanda ya rage ya koma yana kula da allo biyu, yana gangara kujerarsa daga wannan zuwa wancan. A daren kuma injiniyoyi suna gyara, don haka fitilar gargaɗin da ke nuna jirage na gab da haɗuwa ba ta aiki, babban layin waya ma an kashe shi. Yayin da hankalinsa ke kan wani jirgi da ya makara yana neman sauka, wasu jirage biyu suna tunkarar juna a tsayin ƙafa 36,000: na Rasha daga Mosko zuwa Basalona, cike da 'yan makaranta masu tafiya hutu, da na dakon kaya na DHL. Wani jami'i a Jamus ya hango abin a allonsa, ya yi ta kiran Zurik, waya ba ta shiga. Da jami'in ya ankara, saura ƙasa da minti ɗaya. Ya umarci jirgin Rasha ya yi ƙasa, alhali na'urar hana karo da ke cikin jirgin tana cewa ya yi sama, na DHL kuma na'urarsa ta ce ya yi ƙasa. Duka biyun suka yi ƙasa, suka yi karo a saman garin Ubalingen na kudancin Jamus. Mutum 71 suka rasu, ba wanda ya tsira.

A nan ba wanda ya yi barci a kan kujera. Wanda ya kwanta, a ɗakin hutu ya kwanta. Aibin shi ne an mayar da aikin mutum biyu na mutum ɗaya, a daren da kayan aiki ma ba su cika ba, kuma ba a rubuta lokacin da za a taso mai hutu ba.

Sharuɗɗan hutu mai amfani

Idan aka haɗa darasin Washinton da na Zurik, za a ga hutun dare yana bukatar abubuwa biyar.

Na farko, isassun ma'aikata. Hutun wani ba zai bar ɗan'uwansa da aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ba. Ranar da ake gyaran na'ura ko yanayi ya ɓaci, sai a sake lissafi.

Na biyu, lokaci sananne. A rubuta wa zai kwanta, ƙarfe nawa, wa zai tashe shi. Hutun da ya dogara da "mun saba haka" ba tsari ba ne.

Na uku, wurin da ya dace: ɗaki mai duhu da shiru da sanyi, da gado mai tsabta, maza daban mata daban, kusa da wurin aiki yadda za a iya kiran mutum cikin gaggawa.

Na huɗu, lokacin wartsakewa. Wanda aka tasa daga barci yana cikin magagi, musamman idan barcin ya yi nauyi, kuma magagin yakan ɗauki minti 15 zuwa 30. Saboda haka ba a tashi daga gado a zarce kujera. Sai a wanke fuska, a shiga haske, a ɗan taka. Gajeren barci na minti 20 zuwa 30 ya fi sauƙin wartsakewa.

Na biyar, miƙa aiki a tsanake. Mai tashi zai faɗa wa mai karɓa jiragen da ke hannu, umarnin da aka riga aka bayar, halin yanayi, da duk na'urar da ba ta aiki. Ba ya barin wurin sai mai karɓa ya ce ya karɓa.

Bayan waɗannan akwai haƙƙin da ke kan jami'in kansa. Awannin da aka ba shi don barci ba na wani aikin neman kuɗi ba ne. Kuma dole ya iya cewa "na gaji" ba tare da tsoron takardar tuhuma ba, domin inda ake hukunta mai faɗin gaskiya, gajiya ɓoyewa take yi har sai ta yi ɓarna.

Ga sauran masu aikin dare

Da yawa daga cikinku kuna kwana a wurin aiki: masu gadi, ma'aikatan jinya, direbobin manyan motoci, masu gidan burodi. Jikinku da na jami'in hasumiya iri ɗaya ne. Ku ɗan yi ƙailula kafin ku fita. Goro da shayi da kofi suna ɗauke da sinadarin da ke korar barci na ɗan lokaci, yana fara aiki bayan kamar rabin awa, yana kuma daɗewa a jiki awanni da yawa. Ku yi amfani da su a farkon dare, kada ku ci gab da asuba su hana ku barcin safe. Suna jinkirta barci ne kawai, ba sa maye gurbinsa. Idan kun dawo gida, ku rufe taga, ku kashe waya, ku kuma fahimtar da iyali cewa barcin hantsin nan ba lalaci ba ne. Wanda ya ji ido na rufewa a kan sitiyari, ya faka ya kwanta.

Muhimman kalmomi

Hasumiya: dogon ginin filin jirgi inda ake ba da izinin tashi da sauka.
Rada: na'urar da ke nuna inda jirgi yake a kan allo.
Tazara: nisan da doka ta ce a bari tsakanin jirage biyu.
Jadawalin aiki: tsarin ranaku da awannin da kowane ma'aikaci zai yi.
Miƙa aiki: bayanin da mai tashi ke yi wa mai karɓa.

Tambayoyi

1. Wane lokaci ne na dare kuzarin mutum ya fi raguwa, kuma me ya sa?
2. Me ya sa ƙarancin jirage ke ƙara haɗarin gyangyaɗi?
3. Bayyana jadawalin biyu-biyu-ɗaya, ka nuna inda ya fi cutar da barci.
4. Kawo matakai biyu da FAA ta ɗauka a 2011, da wanda ta ɗauka a 2024.
5. A Zurik jami'in da ke kan kujera bai yi barci ba. To mene ne aibin tsarin daren?
6. Jirage biyu suna fuskantar juna, tazararsu na raguwa da kilomita 28 a minti ɗaya. Idan kilomita 84 ce tsakaninsu, minti nawa ya rage wa jami'i?

Aikin rukuni

Ku rabu uku-uku. Ku ɗauka ku ne jami'an dare a wata hasumiya, daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ku tsara jadawalin hutu bisa waɗannan sharuɗɗa: kullum a samu mutum biyu a farke, kada kowa ya wuce awa 2 a kan kujera ba hutu, duk wanda ya kwanta a ba shi minti 20 na wartsakewa kafin ya karɓi aiki. Ku rubuta jadawalin a allo, sannan ku bayyana wa aji abin da za ku canza idan aka sanar da ku cewa za a kashe rada don gyara daga ƙarfe 1 zuwa 3.